Rahoton kwamitin ɗakin kwamfuta da jan netwok

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da 'yan uwa tsofaffin ɗalibai. Alhamdulillah aikin ɗakin kwamfuta na makarantarmu da ke nan Bolari ya kammala, har mun miƙa makulli. Rufi, silin, tagogi da fenti duk an yi, rasit na hannun ma'aji ga mai son dubawa.

Inda muka sha muhawara shi ne ina za a ajiye saba, wato uwar garken da sauran kwamfutoci ke ɗebo darasi da tambayoyin gwajin JAMB daga wajenta. Wasunmu suka ce ofishin shugaban makaranta tunda akwai ƙofar ƙarfe, to da injiniya ya ja tef sai ga shi daga can zuwa ajin ƙarshe an haura mita 100, ita kuwa wayar netwok da ake kira Cat6 iyakarta ke nan, in ta wuce sai saƙo ya riƙa tsinkewa. Dole muka dawo tsohon sito na tsakiyar fili, muka toshe kafofin ƙura saboda hunturu, aka sa mata fanka da inbata tata ita kaɗai, kun dai san zafin Gombe a Afrilu ba ya raga wa na'ura.

Wani ɗan uwanmu ya kafe wai a ɗora komai a intanet a huta. Gaskiya ba mu yarda ba. Ku tuna Maris ɗin 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse, netwok ya koma tafiyar hawainiya har a bankuna, yanzu a ce yaro na tsakiyar gwaji agogo na gudu shafi ya tsaya yana ta juyi? Shi ya sa duk abin da ba ya son jira, gwaji da bidiyon darasi, muka bar shi a kan sabar da ke nan makaranta. Rajista da sakamako ne kawai ake tura kwafinsu waje kowane dare, ko da gobara, Allah ya kiyaye.

Rauta, wato na'urar da ke raba netwok ba da waya ba, ɗaya muka so saye don tsimi, bangon bulo ya cinye sigina, ala dole ta zama uku. Siginar rauta iri biyu ce, ta 5GHz ta fi gudu amma ba ta iya ratsa bango kamar ta 2.4GHz, don haka ta 5GHz ɗin muka ba ɗakin kwamfuta.

Abu ɗaya ya rage, ɗan kwangila ya bar wayar ajin ƙarshe a fili babu bututu, awaki ma na iya tauna ta. Mun riƙe cikon kuɗinsa sai ya zo ya binne ta kafin damina.