Bayan ruwa ya janye: wasiƙa zuwa ga Edita

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ranar da ruwa ya ci gari kowace jarida tana wurin, amma da ƙasa ta fara bushewa sai labarin ya mutu. Haka aka yi da Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, haka aka yi da Mokwa a 2025. Alhali makonnin da ke biyo bayan janyewar ruwa su ne lokacin amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro. Ina roƙon ka ba ni fili in tuna wa masu komawa gida wasu abubuwa.

Rijiyar da ambaliya ta rufe ba ta shayuwa ko da ruwanta ya yi garau, domin masai da kwata sun riga sun malala a ciki. Sai an kwashe ruwan da laka, an zuba sinadarin kulorin. Kafin nan a tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a jefa ƙwayar tsaftace ruwa ta Aquatabs gwargwadon abin da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. In ruwan ya yi dagwalo, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta tukuna, don laka tana cinye ƙarfin maganin. Inda aka fi yin kuskure shi ne randa: a wahala a tafasa ruwa, sannan yaro ya tsoma moɗar da ya ɗauko daga ƙasa. A rufe randar, a rataye mata moɗa guda.

In zawo ya kama mutum, musamman mai kama da ruwan wankin shinkafa, wanda alama ce ta kwalara, kada a tsaya neman jiƙo. A haɗa ruwan gishiri da sukari nan take: ruwa mai tsabta lita 1, wato leda biyu ta fiya wata, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishirin da sunan ƙarfi, yawansa illa ne ga yaro. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, abin da ya kwana ya wuni kuma a zubar a haɗa sabo. Idan idanu suka faɗa, fitsari ya ɗauke, ko aka tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa da wuri, sai asibiti ko da tsakar dare ne. Kwalara na iya kashe babban mutum cikin sa'o'i.

Ginin ƙasa kan sha ruwa ta gindi, ya faɗi bayan kwanaki, don haka kada a kwana a ɗakin da bangonsa ya tsage. A kashe wuta daga mita har wayoyi su bushe, a ajiye janareta a waje nesa da taga, a ɗaga tarkace da sanda saboda macizai. Hatsin da ya jiƙa ya yi funfuna a haƙura da shi.

Sai ciwon da ba a gani. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko ya riƙa maƙale wa uwarsa da zarar hadari ya haɗo, tsoro ne, duka ba ya maganinsa. A mayar masa da lokacin barci da na makaranta yadda ya saba, a bar shi ya faɗi abin da ya gani in yana so. Manya ma haka: magidancin da ya yi shiru, ya daina fita masallaci da majalisa, a je a zauna da shi, kada a sallame shi da "sai haƙuri" daga bakin ƙofa. In rashin barci da firgita suka haura wata guda, ko ya fara zancen gara ya mutu, ko ya koma ga tiramol, a raka shi wurin likita a ranar da aka lura.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka, wani mai karatu