Shirun maciji ba yarda ba ce: amsa ga ƙanena mai son sayen mesa

Assalamu alaikum ƙanena,

A bainar jama'a ka yi mini tambayarka, don haka amsar ma bari ta fito fili. Ka ce an yi maka tayin ƙaramar mesa, irin wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan an taɓa ta, kamun daji ce, kuma da araha. Ka ce tunda na daɗe da maciji a ɗaki, in gaya maka tsakani da Allah ko ajiye shi zalunci ne. Ka kuma ƙara da abin da mai sayarwar ya faɗa maka, wai in ba ka saya ba kashe ta za a yi, saboda haka sayenka ceton rai ne.

Kar ka saya. Dalilin kuwa daga ɗakina zan fara kawo maka shi.

Mesata ta farko kamun daji ce, ko da yake wanda ya sayar mini ya rantse a hannu aka ƙyanƙyashe ta. Ranar da na karɓe ta, ta dunƙule a tafin hannuna, ta cusa kanta a tsakiya, ko motsi ba ta yi. Na ce kai, wannan akwai haƙuri. Bayan mako uku ina duba ta da fitila sai na ga wasu baƙaƙen ɗigo a ƙarƙashin ɓawon wuyanta. Kaska ce, sun sha jini sun yi tim. Na ba ta ɓera, ta juya kai. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu, ba ta ci ba. Da lokacin saɓa ya zo, maimakon fatar ta zare gaba ɗaya kamar safa, sai ta riƙa fita guntu-guntu, ta bar wani farin yana a kan idanunta. Daga baya ta fara buɗe baki tana numfashi, da 'yar kumfa a gefen leɓe da wani siririn fito da sai dare ya yi tsit nake jin sa. Likitan dabbobi ya ce ciwon huhu ne, ga kuma tsutsar ciki da ta zo da ita. A wata na bakwai na same ta a miƙe.

Duk tsawon wannan lokaci ko sau ɗaya ba ta yi abin da zai tashe ni daga barci ba. Kare in yana jin ciwo zai yi kuka, kyanwa za ta bi ka tana ƙara har ka gaji. Maciji ba shi da wannan. Jikinsa a hankali yake aiki, yana iya wata da watanni bai ci ba, don haka mutuwarsa ma a hankali take zuwa, mai shi yana ta yabon sauƙin kiwonsa. Dunƙulewar nan da na ɗauka haƙuri ce, ashe tsoro ne. Haka wannan mesa take kare kanta a daji idan ta ga abin da zai cinye ta. Abin da ya sa kasuwa ke son ta ke nan: tsoronta ya yi kama da ladabi.

Yanzu maganar ceto. Wannan mesa, wadda masana ke kira Python regius, 'yar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce, kuma Togo da Benin da Ghana su ne manyan masu fitar da ita. Tun da yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta fara aiki a 1975, an fitar da sama da miliyan 3 daga yankin, akasari zuwa Amurka. Tana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar, wato ba a hana cinikinta ba, amma sai da takardar izini. Yadda ake samo ta kuwa, mafarauta ke haƙa ramukan ɓeraye da tsofaffin suri su zaro ta. Wadda suka fi nema ita ce mace mai ciki ko wadda ta naɗe ƙwanta tana gadi, domin a ƙyanƙyashe ƙwan a gona a sayar da 'ya'yan. A ƙa'ida ana mayar da uwar cikin daji, amma ramin da aka farfasa da fartanya ba ya komawa yadda yake. Tuni ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu ta duniya, ta sa ta cikin dabbobin da ke dab da shiga barazana.

To ka duba inda kuɗinka zai je. Wadda ke cikin buhu an riga an kamo ta, wannan gaskiya ne, kuma tausayin da ka ji ba laifi ba ne. Sai dai mai buhun ba zai ɗauki kuɗinka a matsayin sadaka ba. Abin da zai fahimta shi ne akwai mai saye, gobe ya koma daji ya haƙo biyu. Ka ceci ɗaya da kuɗin kamo na gaba, kuma ita ɗayar ma, in ta bi hanyar tawa, ba ka cece ta ba, ka dai jinkirta mata ne.

Za ka ce to, wadda aka ƙyanƙyashe a hannu fa? Nan maganar ta fi nauyi, ni kaina ba na tsaye a kan tudu. Ta fi sauƙi nesa ba kusa ba: ba ta san daji ba, ta saba da hannu, tana cin abinci, ba a rage ko ɗaya daga daji saboda ita ba. Amma haihuwa a akwati ba ta mayar da maciji dabbar gida. Kare ya yi dubban shekaru tare da mutum har halinsa ya sauya. Mesa tana nan da buƙatun kakanninta cif.

Jikinta ba ya samar da ɗumi, daga waje take aro. Dole akwatin ya zama yana da gefen zafi, wajen digiri 32 a ma'aunin Celsius, da gefen sanyi, wajen 25, ta riƙa kai da komo tana daidaita kanta, in ba haka ba abincin ma ba zai narke ba. Na'urar ɗumama da ba ta da abin daidaita zafi tana ƙone musu ciki, kuma suna iya kwanciya a kai har fata ta salluɓe. Mesa tana son danshi a iska, in ya yi ƙasa saɓa ta maƙale. Tana son maɓoya a kowane gefe, da reshen hawa, da fili da za ta miƙe jikinta duka. Wannan na ƙarshen shi ne inda nake faɗa da manyan masu kiwo, waɗanda ke jera macizai a durowar roba kamar kayan shago, su ce ai dama 'yar rami ce. Rami wurin kwananta ne. Ka ba ta fili ka kashe fitila ka zauna shiru, za ka ga ta fito ta miƙe sambal, tana hawa, tana lasar iska da harshe lungu-lungu. Dabbar da ta kai mita ɗaya da ɗoriya kuma ba ta taɓa miƙewa ba, ba na yarda a ce mini lafiyarta lau don kawai tana ci tana ƙwai.

Akwai kuma son launi. Wani zane da suke kira gizo-gizo yana zuwa da larurar jijiya: kai yana rawa, wani lokaci ta murɗe sama, ta kai wa abinci sara ta kuskure. Masu haɗa irin sun san da haka, suna ci gaba don zanen na da kyau a hoto.

Batun halacci ko haramci na bar wa malamai. Amma duk wanda ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, ya san rufe ƙofa a kan mai rai ɗaukar nauyi ne. Nauyin wannan kuma dogo ne. Tana yin shekara 20 zuwa 30, wata ma a gidan namun daji na St. Louis da ke Amurka ta yi ƙwai a 2020 tana da kimanin shekara 62. Ka lissafa aure, da 'ya'ya, da sauyin gida, da tafiye-tafiye. Macizai kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi ba tare da ta dame su ba, ita kuwa tana kwantar da jarirai, don haka wanke hannu ba wasa ba ne. Abincinta ɓera ne sukutum. Ɓera mai rai yana shan azaba, kuma in ba ta da yunwa shi zai koma yana gaigayar ta, shi ya sa ake ba da daskararre a narkar da shi. Ka tambayi mutanen gidanku ko za su yarda ɓeraye su zauna a firiza.

Idan ka gaji kuma, saki ba mafita ba ce. A dausayin Everglades na jihar Florida, manyan mesoshin Burma da suka fito daga hannun masu kiwo sun hayayyafa, sun kusa ƙarar da zomaye da sauran ƙananan dabbobin wurin, har Amurka ta hana shigo da su a 2012. Masu dafi, irin su kumurci da kasa da kububuwa, ba ma zan ɓata tawada a kansu ba; ranka da na maƙwabta ba abin ado ba ne.

Wadda ke ɗakina yanzu ba sayenta na yi ba. Wani ne ya gaji da ita bayan shekara uku, na karɓa. Ba na ruɗin kaina cewa tana ƙaunata. Ta dai gane warina ba na haɗari ba ne, iyakarta ke nan. In ta mutu ba zan sayi wata ba, sai dai in sake karɓar wadda aka rasa yadda za a yi da ita.

Game da ta cikin buhun, ka ce masa a'a, ka sanar da hukumar kula da namun daji ta inda kake, su ne ke da ikon karɓar ta. In kuma har yanzu zuciyarka na kan kiwon, nemi wadda aka gaji da ita, ko mai ƙyanƙyasa da zai nuna maka ranar fitarta daga ƙwai da lissafin cinta, ka kuma samu likitan da ya san macizai tun kafin ka kawo ta. Kafin nan, ka zo wurina ranar ciyarwa. Kai za ka narkar da ɓeran, kai kuma za ka kwashe kashin bayan kwana biyar.

Naka,
Yayanka