Kajin tsakar gida ma kiwo ne

Assalamu alaikum Edita,

Ina cikin masu sauraron shirinku na noma da kiwo, kuma na lura duk ranar da aka zo batun kaji, mai gidan gona ake gayyatowa, mai kaji dubu biyar, ana ta lissafin buhun abinci. To mu masu kaza takwas da zakara ɗaya a akurki fa?

A garinmu kaza ta mace ce. Da dusar surfe da ɗan tsaki muke kiwonta. Idan yaro ya kwana da zazzaɓi maigida ba ya gari, ita ake kamawa a ba almajiri ya kai kasuwa. Zubin adashi, littafin makaranta, sabulu, har cefanen ƙarshen damina kafin sabon hatsi ya shigo, duk daga akurkin nan suke fita. (Baƙon maigida kuwa in ya zo, zakaran uwargida ake yankawa, ba mai zancen biya. A bar wannan.)

Abin da ke karya mu shi ne annobar hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle. Kaza ta yi jugum, ta saki fukafukai, wuya ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama wayam. Bara goma sha ɗaya na rasa, na sha jiƙa musu barkono da maɗaci a banza. Ashe akwai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wanda ake kira I-2, mai jure zafi fiye da sauran, ɗigo ɗaya a idon kaza, kamar sau uku a shekara. A bakin 'yata mai karatun aikin gona na fara jin sunansa, bayan shekara ashirin ina kiwo.

Dalili a fili yake. Malamin gona namiji ne, iyakarsa zaure, da maigida zai yi magana, shi kuwa bai san ko kaji nawa ne a gidan ba. Kuma kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin mace ɗaya, sai an haɗa na unguwa.

Roƙona, Edita, ku gayyato likitan dabbobi kafin sanyi ya sauko, ku tambaye shi me zai hana a koya wa mata biyu a kowace unguwa ɗiga maganin nan, su riƙa shiga gida-gida ana ba su ɗan abin sabulu. Kuma don Allah ku sa shirin bayan isha'i, da hantsi muna kan turmi.

Mai sauraronku,
daga ƙasar Bichi, Jihar Kano