Ina ungulayen mayankar Jos suka shiga?

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Edita.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan ungulu. Duk wanda ya san mayankar Jos shekarun baya ya san sai an yi ta korar su daga kan rufin kwano. Yanzu sai mutum ya wuni a wurin bai ga ko ɗaya tana jewa ba.

Na san wani zai ce to sai me, ai tsuntsuwar ƙazanta ce. To kwashe ƙazantar ne aikinta. Ciyawa na samun ƙarfinta daga hasken rana, saniya ta ci ciyawa, mai cin nama ya ci saniya. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 kacal na wannan ƙarfi ke hawa daga mataki ɗaya zuwa na gaba, shi ya sa masu cin nama ba su taɓa kai masu cin ganye yawa ba. Ungulu tana cikin waɗannan 'yan kaɗan ɗin, ga shi ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara. In an kashe uwa ɗaya, maye gurbinta sai an sha jira. Ita ce ke cinye mushe kafin ya ruɓe, kuma tsamin ruwan cikinta yana kashe ƙwayoyin cuta, har da na ciwon saifa da makiyaya ke tsoro.

Indiya ta ɗanɗana kuɗar rashin ungulu. A shekarun 1990 aka riƙa yi wa shanu allurar diclofenac, wani maganin rage zafin ciwo, ungulayen da suka ci mushensu ƙoda ta lalace, fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu ire-iren ungulun ƙasar suka mutu. Mushen bai rasa mai ci ba: karnukan da ba su da iyayengiji suka gaje shi, suka hayayyafa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin, bayan aikin gama ya gama.

Mu a nan ba allura ba ce babbar matsalar. Kai da gashin ungulu ake nema don tsibbu, ana sayar da su a kasuwa, ba a ma ɓoyewa sosai. Akwai kuma masu barbaɗa guba a mushe don kashe kura ko kare, ungulayen unguwa guda su sauka su ci, su mutu tare. Tun 2015 hukumar IUCN mai fafutukar kare halittu a duniya ta sa irin ungulun da muka saba gani a gari cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Abin haushin, masanan suna nan kusa da mu. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis tana dajin Amurum a Laminga, tana aiki tare da Jami'ar Jos. Don Allah ka tura wakilinka can ya ji ta bakinsu, daga nan ya biya mayanka ya tambayi Sarkin Fawa wa ke cinye tarkacen yanka yanzu, karnuka nawa ne kuma ke kwana a wurin.

Naka,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos.