Ɗan ci-rani ma yana da gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili, na gaji da jin ana cewa wai mu 'yan ci-rani ba mu da mazauni.

Ni mutumin Wurno ne, shekara 19 ke nan ina wannan tafiya. Da an yanke gero an kai dammuna rumbu sai in hau motar albasa zuwa Legas, kwana biyu wani sa'in uku a bisa buhu, in sauka Mile 12 in kama dako da turin baro, sai wajen watan Mayu da na ji an ce hadari ya fara haɗuwa a gida in tattaro in dawo shuka. Farko abin ya ci min rai, a can ni baƙo, in na dawo kuma ɗana ƙarami sai ya kwana biyu yana ɓuya bayan uwarshi kafin ya yarda in ɗauke shi. Wallahi wannan ya fi dako ciwo.

Zango ne ya kwantar min da hankali. Maigidanmu shi ke aje mana kuɗi, in an kama wani shi ke zuwa beli, in rasuwa aka yi shi ke tsayawa har a rufe. Mu takwas ɗaki guda, adashe duk Juma'a, mai shayi ya san ba ni son sukari da yawa, da ka ji an ce "mi kaka so" ka san cikin naka kake. Kuma ai tafiya gado muka yi, Shehu kanshi ya bar Degel zuwa Gudu a 1804, ya zauna Gwandu da Sifawa, sai 1815 ya koma Sakkwato. Ba wai ina haɗa kaina da shi ba fa, ni wa.

Kukana guda ne. Zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 tsakiyar rani aka yi shi, katina na rumfar Wurno ne, kuɗin mota zuwa da dawowa kuwa sai in yi sati biyu ban tara ba, duk ɗakinmu ba wanda ya dangwala, a rediyo muka ji sakamako. Don Allah 'yan majalisarmu su duba yadda ɗan ci-rani zai zaɓi shugaban ƙasa a inda rani ya same shi.

Naku,
Wani ɗan ci-rani, Wurno, Jihar Sakkwato