Ba ku faɗa mana yadda Notre-Dame ta tsaya ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris, wadda aka sake buɗewa ranar 7 ga Disamba 2024 bayan gobarar 15 ga Afrilu 2019. Kun lissafo shugabannin da suka halarta da kuɗin da aka tara, amma ginin kansa kun wuce shi. Ni magini ne, kuma tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: katakon rufi ya ƙone ƙurmus, darma ta narke, doguwar hasumiya ta rufto, to me ya hana bango zubewa?

Ƙarƙashin katakon akwai wani rufin na dutse. Ya huje a wasu wurare, amma yawancinsa ya riƙe, domin tun farko maginan sun san inda za su kai nauyi.

Kafin salon Gotik, wato salon ginin da aka yi Notre-Dame da shi, majami'un Turai bangonsu kauri ne da shi, tagogi ƙanana, ciki duhu. Bango ke ɗauke da rufi, don haka ba mai iya huda shi da yawa. A majami'ar Saint-Denis da ke kusa da Faris, wadda shugabanta Suger ya sa aka sabunta, aka keɓe sabon sashenta a 1144, aka ga wata dabara. An ɗaura rufin a kan haƙarƙarin dutse masu haɗuwa a sama, su kuma su sauke nauyin a kan ginshiƙai. Bakan da aka yi amfani da shi mai tsini ne, wanda ba ya tura bango waje kamar mai zagaye. Wannan baka ya girmi Gotik. Yana nan a masallacin Ibn Tulun na Alkahira tun 879.

Abin da ya fi burge ni shi ne tokarin waje. Duk rufin dutse yana son ya buɗe bango. Maimakon maginan su ƙara kauri, sai suka miƙo hannuwan dutse daga saman bango, suka tsallake sarari, suka dafa kan manyan ginshiƙai a waje, kamar mutane sun jeru suna tallafe da mai ɗauke da kaya. Da bango ya huta, sai aka cika shi da gilashi mai launi. Shuɗin gilashin majami'ar Chartres a Faransa, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1194, har yau mutane na tafiya takanas don ganinsa.

Ba kullum aka ci nasara ba. A majami'ar Beauvais a Faransa an ɗaga rufi har mita 48, a 1284 wani sashe ya rushe. Da ido da igiya da abin da suka koya wurin iyayen gidansu maginan suke aiki, kuma da yawansu sun mutu ba su ga ƙarshen aikin ba. Majami'ar Kolon a Jamus an fara ta a 1248, sai 1880 aka gama.

A gyaran Notre-Dame, kafintoci da gatari suka sassaƙa katakon rufin kamar yadda aka yi a ƙarni na 13. Waɗannan mutane sun cancanci shafi guda a jaridarku. Kuma don Allah, in za ku sake buga hoton majami'ar, ku ɗauko ta gefe ko ta baya, inda ake ganin tokarin, don masu koyon gini su gani.

Nagode.

Mai karanta jaridarku,
wani magini