Ga ɗana da ya yi mini tambaya kan filin golf a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum.

Ranar nan a rediyo ka bugo waya kana cewa: "Baba, kai da kowa ya san kana buga golf, me ya sa da aka kawo shawarar gwamnati ta gina mana fili a Birnin Kebbi ka zama na farkon masu ƙi? Ko so kake wasan ya tsaya a hannunku manya?" Lokaci ya ƙure kafin in ba ka amsa, kuma na ji zafin tambayar. Shi ya sa na ɗauko biro.

Ban shiga golf ta ƙofar manya ba, ɗana. Da ɗaukar jaka na fara a Kaduna ina yaro, sanduna 14 a kafaɗa, in bi maigida rami 18 na kusan awa huɗu, a sallame ni da abin da zan ci tuwo. A can na ga abin da masu sha'awar wannan shawara ba su gani ba. Gina filin golf shi ne mai sauƙi. Rainonsa ke cin mutum.

Cikakken fili yana cin ƙasa kamar hekta 50 zuwa 60. Ciyawar da ke kewaye da kowane rami, wadda ake kira girin, jaririya ce: kullum sai an yi mata aski da inji na musamman, a ba ta taki, a fesa magani, a shayar da ita. Mu kuwa damina tamu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin ruwan daga ina? Daga rijiyar burtsatse, da injin da ke shan man gas ko sola mai tsada. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma 'yan garuwa ke ƙara kuɗin jarka a unguwanni, a lokacin ne ciyawar ta fi ƙishirwa. Kwana kaɗan aka yi ba a saki kuɗi ba, ta ƙone ƙurmus. Na yi aikin gwamnati shekara 35, na san yadda fayil ɗin kuɗin gyara ke kwana a tebur. Ranar buɗewa akwai almakashi da 'yan jarida, ranar sayen mai babu kowa. Ka tambayi manomin rani a fadama yadda ya ji da injin ban ruwansa tun da aka cire tallafin mai a 2023, sannan ka ce masa za a shayar da ciyawar da ko akuya ba za a bari ta ci ba.

Sai maganar ƙasa, wadda ta fi damuna. Babu hekta 60 a gefen garin nan da ba ta da mai ita. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da ake biya ta abin da ke kan ƙasar ce, shuka da itatuwa da gini. Manomi ya rasa gonar gado a kan kuɗin gero na shekara ɗaya. In don asibiti ne ko makaranta, zai haɗiye ya ce Allah ya sa albarka. Don wasan da ba zai taɓa shiga ba sai dai a matsayin mai gadi fa? Ni ba zan iya kallon idonsa ba.

Ka ce ai gwamnati na kashe kuɗi a bikin kamun kifi na Argungu. Gaskiya ne. Amma bikin nan tun 1934 ake yinsa, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, kuma duk mai gora da homa yana iya faɗawa kogin Matan Fada. Mai kallo ma ba a tambayarsa katin mamba. Haka filin wasa na Haliru Abdu: ƙwallo ɗaya ta ishi yara 22. A golf kuwa jakar sanduna ta gwanjo ma ta fi albashin malamin firamare na wata.

Batun cewa filin zai jawo masu zuba jari kuma, kamfanin WACOT da ya buɗe masana'antar shinkafa a Argungu a 2017 shanshera ya biyo. Kamfanin shinkafa na Labana ma haka. Abin da suke tambaya wuta ce da hanya da tsaro.

To, ba cewa na yi kada a yi golf a Kebbi ba. Ina so in buga a gida kafin gwiwoyina su ƙi. Tsohon filin Rayfield na Jos, tun 1913, ya taso ne a zamanin Turawan haƙar kuza, don nishaɗinsu. Mu ma masu so mu haɗa kai, mu yi rajistar kulob, mu sa kuɗinmu. Mu fara da rami 9, a kan tudu mai tsakuwa inda ba a noma, nesa da fadama. A maimakon girin mu yi irin na da, wato burawun, yashi da ake cakuɗawa da mai a daddaɓe, wanda ba ya shan ruwa ko kofi. A kansa na koya, kuma ban ji kunyar kowa ba da na je Abuja. In gwamnati na son taimakawa, ta ba da hayar fili a rubuce, kuɗin hayar ya shiga asusun jiha, da sharaɗin 'yan makaranta su shiga kyauta a wasu ranaku kuma a koya wa masu ɗaukar jaka wasan. Ban yarda da ko naira ɗaya daga kasafin kuɗi ba.

Kai kuma, in da gaske wasan kake so, ina da tsofaffin sanduna bakwai a ɗaki. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar, ka zo da abokanka biyu. Akwai wani fako a bayan gari inda nake gwada hannu. Ku sa takalmi mai rufi, akwai ƙaya.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Baba